Kifi ya ce a motsa, mai kare ya sayi biri

Wani ɗan'uwa mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce shekara huɗu ke nan kasuwarsa jiya i yau, ba ta mutu ba, ba ta kuma yi rai ba. Amininsa ya ce masa, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi," ya ba shi shawarar ya kwashe jarinsa ya koma sayar da wayoyi. Da ya kai maganar gaban mahaifinsa, tsoho ya ce, "Tsugunne ba ta ƙare ba," ya ja bakinsa ya yi shiru. Yana so ya san abin da tsohon yake nufi, da kuma wanda ya fi gaskiya a cikinsu.

Alhaji, Baba ya ba ka rabi ne don ka cike da kanka, haka manya suke yi. Cikon shi ne, "an sayar da kare an sayi biri." Wasu kan ce tsuguno bai ƙare ba, duk ɗaya ne. Mutum ne ya gaji da ganin dabba tsugune a ƙofar gidansa, ya kai kare kasuwa ya dawo da biri, shi ma da isowarsa ya sami wuri ya tsuguna. An yi ciniki, an sha rana, an biya la'ada, amma abin da ake gudu yana nan. Abin da Baba yake tambayarka shi ne: atamfar ce ta tsaya, ko kuwa yadda kake sayar da ita?

Shi ma kifi bai yi ƙarya ba. Tsautsayi shi ne wahalar da ke afka wa mutum ba shiri, shi ya sa ake cewa ba ya wuce ranarsa. Kifin da ya lafe wuri guda shi masunci ke fara yi wa tarko, shi ne kuma rani ke ritsawa da shi in kududdufi ya ƙafe. Sai dai ka lura, kifi cewa ya yi a motsa. Bai ce a fita daga ruwa ba.

Akwai kalmar da ku 'yan kasuwa kuka fi ni sani, wato kwantai. 'Yar'uwar kwanciya ce, kayan da suka kwanta suka ƙi tashi. Na taɓa zama a shagon wani abokina, na ga turamen atamfa jere a can saman kanta, bakin ninkinsu ya koɗe, ƙura ta yi musu rawani. Na tambaye shi, ya ce yayinsu ya wuce, amma ba zai karyar da su ƙasa da yadda ya saro ba, haƙuri yake yi. A raina na ce wannan ba haƙuri ba ne, jiran gawon shanu ne. Wanda ya yi kiwo ya san abin: da rani shanu kan taru a gindin gawo suna jiran 'ya'yansa su faɗo, ba su da ikon girgiza ko reshe ɗaya. Mai haƙurin da aka ce yakan dafa dutse har ya sha romonsa kuwa, ai tukunyarsa tana kan murhu, yana ta iza wuta. Kuɗin da ke kwance a saman kantar nan, da an karyar an juya su sau uku ko huɗu a shekara, da sun mayar da asarar har da riba.

Ka dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Da fataucin goro daga Gwanja ya tashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shigo neman gyaɗa, ayarin jakuna ya fara zama tsohon yayi. Kiɗa ya sauya, shi ma ya sauya rawa, ya shiga sayen gyaɗa har sunansa ya haɗu da dalar gyaɗar Kano kafin rasuwarsa a 1955. Abin da ya shiga sabuwar harkar da shi kuwa tsohon abin hannunsa ne: yaransa da ke shiga ƙauyuka, amanar da ke tsakaninsa da mutane, da sanin yadda ake tara kaya a kai su inda ake nema. Kai me za ka ɗauka daga Kwari zuwa kasuwar waya? In amsar ita ce jari kawai, to biri za ka sayo. A ganina ka fara da sauke kwantan nan, ka kuma tambayi matan da ke haɗa lefe abin da suke nema yanzu da ba sa samu a wurinka.

Wata Malama daga Maraɗi ta ce ta ajiye aikin koyarwa, autarta ma ta yi aure, gida ya yi mata faɗi. Wata ƙawarta ta ce mata tana kan mararraba, ita kuwa tsaka mai wuya take ji. Shin ɗaya ne?

Malama, ba ɗaya ba ne. Tushen mararraba shi ne raba. In rabuwar ta yi yawa sai a ce rarraba, a sa "ma" a gaba ya zama sunan wuri, kamar makaranta daga karanta, mahauta da maƙera. Wato inda hanyoyi suke rarrabuwa. Shi ya sa ake da Mararrabar Jos a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, da Mararrabar da ke bakin Abuja ta ɓangaren Nasarawa. Tsaka mai wuya kuwa ta wanda aka ritsa ce, gaba kura baya sayaki, ko'ina ya juya haɗari. Mai mararraba hanyoyi ne suka yi masa yawa. Ƙawarki ta fi ki zaɓen kalma.

Abu ɗaya na lura da shi a duk mararrabar da na bi da mota: ba ta rasa masu shayi, masu tsire da masu faci, domin kowa yakan tsaya a nan. Tsayawar ba laifi ba ce, a sha ruwa, a tambayi hanya. Ki tsaya ɗin, amma ki leƙa unguwarku ki ƙirga matan auren da ba su iya karanta saƙon da ke shigo musu a waya ba. Tabarma biyu da allo ɗaya sun isa a fara a tsakar gidan nan da kika ce ya yi miki faɗi.