Amsa: Me ya sa ba a cire wa Baba injin numfashi lokaci guda?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce kwanansa tara a ɗakin kulawa ta musamman a nan Jidda da ciwon huhu mai daɗewa, kullum a cire injin a mayar, har kin fara zargin likitoci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwantar da hankalinki, haka ake yi.

Idan inji ya daɗe yana yi wa mutum numfashi, tsokar da ke ƙarƙashin huhu takan yi rauni. Shi kuwa huhun Baba dama da ƙyar yake fitar da gurɓatacciyar iska. Shi ya sa ake yaye shi kamar jariri: a rage maganin barci, a bar shi ya gwada da kansa na minti 30 zuwa awa 2. In numfashinsa ya yi sauri, ko gumi ya keto masa, sai a mayar ya huta. Bayan an zare bututun injin daga maƙogwaronsa, sau da yawa akan sa masa takunkumin da ke tura iska, don kada ya koma baya.

Kada ki firgita in kin ga iskar oksijin da ke jininsa tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari. Da gangan ake barin ta haka, yawanta kan sa gurɓatacciyar iskar ta taru a jininsa.

Ki riƙe hannunsa lokacin gwajin in an ba ki dama, tsoro na ƙara masa haki. In an sallame shi, don Allah a nisanta shi da hayaƙin turaren wuta da shisha.