Tambaya da Amsa: me yasa kullum "yesterday I am cooking" ke jawo min jan biro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, bana zan zana jarrabawar BEPC, wallahi past continuous ɗin nan ya hana ni sakat, duk sanda na rubuta "yesterday I am cooking" sai malaminmu ya zaga min da jan biro, dan Allah a taimaka min.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki ɗauka rashin ƙoƙari ne, Hausarki ce ke biyo ki har cikin aji. Kinga mu "ina girki" bata canzawa, yanzu ina girki, jiya da magariba ma ina girki, kalmar jiya ce ke ɗauke da lokacin. Shi Turanci bai yarda da haka ba, dole aikatau ɗin kansa ya nuna abin ya wuce, shi yasa am da is suke komawa was, are ta koma were, -ing ɗin kuma tana nan daram. I, he, she, it suna tafiya da was. We, they da you kuwa were, ko da mutum ɗaya kike nufi da you ɗin.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su nemi "sai" ɗinmu. Ina cikin wanke-wanke sai aka ɗauke wuta: "I was washing the dishes when the light went off." Aikin da ake ciki shi ke ɗaukar was ko were da -ing, wato past continuous, wanda ya faɗo ya katse shi kuma simple past, kamar went off ɗin nan. In duka biyun tare suke tafiya sai ki sa while: "While Inna was frying fish, we were sweeping."

To amma ku da kuke karatu da Faransanci akwai wani tarko da yafi damuna, imparfait, wato aikatau na lokacin da ya wuce irin su "j'allais". A Faransanci "j'allais" tana iya nufin abinda kika saba yi, shi yasa yara ke rubuta "I was going to the market every Friday", alhali nan "I used to go" ko "I went" ake so. Haka su know da like basa son -ing a nan, "I knew" ake cewa, ba "I was knowing" ba. Ki kula da rubutu ma, make ta zama making, sit ta zama sitting.

Yau bayan isha'i ki ɗauki littafi ki rubuta jimla 5 akan abinda 'yan gidanku suke yi jiya ƙarfe 6 na yamma, waye ke alwala, waye ke kallon ƙwallo, ki karanta da ƙarfi kunnenki ya ji, sannan ki tambayi ƙawarki "What were you doing when I called?" ki sa ta amsa miki da was. Ki yi haka sati 2 ki turo min jimlolin in duba miki.