Gwamna zai iya raba mana mazaɓa?

Tambaya: Malam, ni mutumin Garun Malam ne a Jihar Kano, kuma ɗan majalisar jiha ɗaya ne ke wakiltarmu mu da Kura. Kwanan nan wasu suka kafa kwamiti suna karɓar gudummawa, wai za su kai kuka wajen gwamna ya ware mana kujerarmu kafin zaɓe mai zuwa. Na ba da nawa, amma hankalina bai kwanta ba. Anya hakan zai yiwu?

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba, domin abin da aka ce maka ba ya hannun gwamna, ba ya hannun ɗan majalisa, balle shugaban ƙaramar hukuma. Sashe na 112 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 hukumar zaɓe ta INEC kaɗai ya ɗora wa aikin yanka mazaɓun majalisar jiha. Ko ita ma idan ta sauya iyaka, sashe na 115 ya ce sai Majalisar Tarayya ta amince, kuma sauyin ba zai fara aiki ba sai wa'adin majalisar jihar da ke kan kujera ya ƙare.

Wannan ruɗin na daɗe ina fama da shi, har na gaji da maimaita amsa ɗaya. Duk kakar zaɓe sai an sami masu zagaya unguwanni da takarda mai hatimi, suna cewa "magana tana gaban mai girma gwamna", a tara kuɗin mota da na masauki, a tafi gidan gwamnati a ɗauki hoto, a dawo a ce an kusa. Ba a kusa komai ba. Ka tambaye su kawai: kujerar da za a ba ku, daga ina za ta fito? Sashe na 91 ya ƙayyade cewa majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba za ta wuce 40 ba, kuma Kano ta riga ta cika 40 cif, alhali ƙananan hukumominta 44 ne. Shi ya sa aka haɗa guda takwas bibbiyu: Kura da Garun Malam, Bagwai da Shanono, Rimin Gado da Tofa, sai Tsanyawa da Ghari (wadda a da ake kira Kunchi). Saboda haka kafin a ba ku taku, sai dai a ƙwace ta wasu, ko a gyara kundin kansa, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, tare da amincewar majalisun jihohi 24. Wane kwamitin unguwa ne zai iya wannan da kuɗin karo-karo?

Akwai kuma abin da masu kwamitin ba za su so ka sani ba. Ma'aunin da sashe na 113 ya sanya shi ne yawan mazauna, ba yawan ƙananan hukumomi ba, kuma mazauna aka ce, ba 'yan asali ba. A ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe, ƙaramar hukumar Nasarawa tana da mutum kusan dubu 600 da ɗan majalisa ɗaya, yayin da Rimin Gado da Tofa a haɗe suke da wajen dubu 200, su ma da ɗaya. Ranar da aka sake yanka mazaɓu bisa yawan jama'a, cikin birni ne zai ƙaru, karkara kuwa tana iya ganin an ƙara haɗe ta.

Kukanku na neman wakilci halal ne, amma inda yake tasiri shi ne zaɓen fid da gwani, inda shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomin biyu kan yi yarjejeniyar karɓa-karɓa. Ku nemi a rubuta ta, a sa hannu a gaban dattawa. Kwamitin kuma ku ce ya kawo muku lissafin kuɗin da ya karɓa da kwafin takardar da ya kai wa INEC, in akwai ta.