Amsar tambayar matakalar yara ta kicin

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Toh 'yar uwar da ta yi tambaya ɗazu kan yarinyarta mai shekara ɗaya da wata takwas, wai ta ga wannan matakalar katakon mai kariya ta ko'ina da ake ta tallarta a Instagram, wacce suke cewa lanin tawa, tana so ta sani ko ita za ta saya ko kuwa ɗan ƙaramin benci mai hawa ɗaya ko biyu ya isa, bari in ɗan ce wani abu, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Kafin ki taɓa kuɗinki fara duba kicin ɗinki tukun. A ina kike aiki? Domin ita wannan abar an yi ta ne saboda kicin mai kanta, wanda ake komai a tsaye, kuma kantar kicin yawanci tsayinta wajen santimita 90 ne, kinga yaro ɗan shekara biyu ko saman kantar ba ya hangowa, shi ya sa yake ta jan zaninki yana kuka a ɗauke shi. In ke a ƙasa kike gyaran kayan miya, kina kan kujerarki 'yar tsuguno a tsakar gida da tire a gabanki, wallahi ba ki buƙatarta ko kaɗan, ba ta tata 'yar robar da alayyafo ta zauna gefenki tana tsinka, an gama. Asalin tunanin ma daga tsarin Montessori yake, wannan likitar 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907, kuma abin da take nema shi ne yaro ya sa hannu a aikin gida na gaske a daidai tsayinsa. Toh mu tun tuni aikinmu a ƙasa yake, iyayenmu ba su sayi komai ba.

Amma in kicin ɗinki na kanta ne da sink, toh a shekarunta gaskiya ban ba ki shawarar benci tsura ba. Yaro a wannan lokacin in ya hau abu mantawa yake a sama yake, wani zai yi sallama kawai ya juya ya ja da baya, sai ƙeya a kan tayil, Allah ya kiyaye. Benci mara kariya sai kamar shekara uku zuwa sama, shi ma gajere, na wanke hannu da goge baki. Ita mai kariyar masu yin ta yawanci daga wata 18 suke cewa, kuma sharaɗin yaro yana tsayuwa da kyau da kansa, ba wanda yake tangal tangal ba.

Yanzu abin da ya fi komai a wajena shi ne gindinta. Kar kyan fenti ya ruɗe ki. Ƙasan ya fi saman faɗi, ƙafafun su ɗan buɗe waje, kuma ta yi nauyi. Ko a Amurka da suke da hukumar da ke sa ido kan kayan masarufi, CPSC, an sha janye irin waɗannan matakalun daga kasuwa saboda suna kifewa ko yaro ya zurma ta gefe, to ina ga wanda aka yi odarsa ba ko sunan kamfani. Irin masu naɗewa ɗin nan marasa nauyi su na fi tsoro, suna da daɗin ajiya amma yaro in ya jingina da gefe ɗaya ya leƙa ƙasa tafiya suke da shi, ga kuma wajen naɗewar yana matse yatsa.

Sai kariyar saman, ta zo wa yarinyar wajen cibiya ko sama kaɗan in ta tsaya a ciki. In ta yi ƙasa da ƙugu ba ta da amfani, da kai za ta wuntsilo. Shi ya sa wacce ake iya sauke katakon da ake takawa ta fi, yau yana sama, baɗi in yarinyar ta ƙara tsayi ki sauke shi ramin ƙasa. Bayan matakalar ma a rufe shi ko da sanda ɗaya mai ƙwari. Sannan ki duba ramukan jiki da tef, duk ramin da ya kama daga santimita 9 zuwa 23 shi ne mai haɗari, domin jikin yaro yana wucewa kai ya maƙale, wannan ma'aunin da shi ake aiki a kayan wasan yara na filin wasa. Ko dai ramin ya zama ƙarami sosai ko a toshe shi gaba ɗaya.

Ni da za ki ji tawa kafinta za ki ba, in kina Kano a je 'yan katako na Na'ibawa a zaɓo katako mai kyau, amma fa kar ki tura masa hoto kawai ki ce yi min irin wannan, zai yi miki abu mai kyau a ido siriri kamar teburin ajiye fulawa. Auna kantarki ki ba shi, saman matakalar ya tsaya daidai da kantar ko ƙasa kaɗan. Ki ce masa ban da MDF, wato allon nan na garin katako da aka matse, wannan da ruwa ya taɓa shi sau biyu uku sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma abu ne da zai zauna bakin sink. Da sukurori da gam zai haɗa, ba ƙusa kaɗai ba, ƙusa tana sassautawa in ana jijjiga abu kullum. Ya goge bakunan da sanfefa su yi sumul ba kaifi. Fenti kuma na ruwa ko a bar katakon haka, domin wasu fentin mai suna da dalma a ciki, su kuma yaran nan komai sai sun gatsa. Ƙasan ƙafafun a manna roba, ko tsohon silifas ne a yanka a buga, tayil da ruwan sabulu ba sa wasa.

Wani abu kuma da masu tallar ba sa faɗa, ranar da kika kawo ta gida duk abin da ke kan kantar ya zama na yarinyar. Wuƙa, ashana, attaruhu, maganin da Abbanta ya ajiye, wayar ketil da ke lilo, duk hannunta ya kai. Don haka wurinta ɓangaren sink ko inda kike kwaɓa fulawa, nesa da gas yadda ko ta miƙa hannu iya miƙawa ba za ta taɓo tukunya ba, kuma ranar suyar ƙosai ko awara ta sauka kawai, mai yana tsalle. In ƙaddara ta faɗa ta ƙone, ruwa mai sanyi na famfo za ki ta zuba wa wurin har minti 20 sannan asibiti, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. In kin gama aiki ki kwantar da matakalar ko ki rufe kicin, don suna koyon tura ta da kansu zuwa inda suke so. Haka ɗan bencin banɗaki, kar a bar shi kusa da durom ko bokitin da aka tara ruwa, kun san yadda muke tara ruwa saboda famfo ba tabbas, yaro ya hau ya leƙa kansa ya rinjaye shi shi ke nan.

In kafintan ya gama kar ki biya cikon kuɗin sai kin gwada a gabansa, ki dafa saman kariyar ki ja ta gefe da ƙarfi, ki ja ta baya, in ƙafa ɗaya ta ɗaga cikin sauƙi ki ce ya ƙara mata faɗi a ƙasa. Wacce take da ita a gida don Allah ta auna faɗin gindin ta turo mana a nan mu gani.