Kayan kafinta: wanne za ka fara saye?

Malam, kana tambaya ya za ka gane kayan aikin kafinta masu ƙarko tunda kuɗin naka ba su da yawa. Gaskiya kar ka sayi set ɗin nan mai arha da ake cikawa akwati, ka fara da zarto, hama, cizal (kurfi) guda biyu, tef na awo da sikwaya (ma'aunin kusurwa), amma ka sayi masu kyau ko da na hannu ne, tsohon kayan kamfanin Stanley da anka yi aiki da shi ya fi sabon da ba ka san inda anka ƙera shi ba. Sikwaya kuma ka gwada ta a shagon, ka ja layi a katako ka juya ta ka sake ja, in layukan ba su haɗu ba ka aje musu abinsu.

Abu guda dai, ka duba haƙoran zarto da kyau, in sun yi baƙi-baƙi to irin wanda ba a iya wasawa ne, da ya dakushe a maɗaci shi ke nan sai yarwa. Kuma zafin Sakkwato da hunturu suna busar da ƙotar itace har kan hama ya riƙa girgiɗi, don haka ka girgiza ta tukuna kafin ka biya.