Tiredan Kumasi ba mai tebur ba ne

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya da iyali da mutanen Birnin Damagaram baki ɗaya.

Saƙonka ya iso, na yi dariya har uwargida ta leƙo. Ka ce ka ga an rubuta "trader" a takardar yaron nan mai neman auren 'yarka, ka nuna wa wani mai zuwa cin kasuwar Maigatari, ya ce maka ai mai tireda ne, wato mai ɗan teburin ashana da alawa a bakin titi. Mutumin bai yi ƙarya ba, daga wannan kalma ta Ingilishi Hausawan Najeriya suka samo tireda, sai dai a bakinsu ta tsuke. A nan Gana kuwa babbar riga ce, kowa shiga yake. Matar da ke kasa tumatir a kasuwar Kejetia ta Kumasi da ita ake rubuta ta, haka Alhajin da ke sauke tirelar albasa daga Galmi. Duk mai saye ya sayar, in ba albashi yake ɗauka ba, haka ma'aikaci zai rubuta masa a asibiti ko banki, ba ruwansa da girman jari.

Mu 'yan Zongo, unguwar Hausawa a nan, a takarda kawai muke barin ta. In mun zauna tsakaninmu, kowa da sunansa. Falke shi ne mai tafiya da kaya gari zuwa gari, ɗan koli na nan da allura da madubi, dillali ba shi da kaya sai baki da la'ada. Wanda ya fi su nauyi shi ne maigida, kuma shi ne Ingilishi ya kasa yi wa suna. Baƙo zai zo da shanu ko albasa, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, in an ɗauka bashi shi ne jingina. Idan mai saye ya gudu, daga aljihunsa zai biya. Kakan yaron nan wannan aikin ya yi a harkar goro. Na tashi na ga soronsa cike da huhu, ana kwance ganye ana yayyafa ruwa, ana ƙirga ɗari ɗari a ce ƙwarya. Shi ma tireda aka rubuta masa har ya koma ga Allah.

Kada ka ɗauka baƙon abu ne. Zongon namu da unguwarku ta Zango kalma ɗaya ce, masaukin ayari. Kakanninmu fataken Gwanja ne, Salaga suke zuwa sayen goro, sai yaƙin 1892 ya watsa garin, da yawa suka gangaro Kumasi. Da Malam Yaro, shahararren attajirin nan na Damagaram a zamanin da, zai cike takarda a nan, abin da za a rubuta masa ke nan.

Abu ɗaya zai ba ka mamaki: a kasuwannin Asante mata ke riƙe da ciniki, kowane kaya da sarauniyarsa, ta doya daban, ta tumatir daban. Shi ya sa in Ba'asante ya ji kalmar, mace mai faffaɗar hula yake fara tunawa. 'Yan zamani kuma sun ƙaro nasu, yaro na kwance a ɗaki yana cinikin kuɗin ƙasashe ta waya, shi ma tireda yake kiran kansa. Wannan ni ban yarda da shi ba, cinikin da ba ka taɓa kaya da hannu.

Yaron naku ba ya cikinsu. Wake da albasa yake saukewa, yana da rumbu biyu, ba a taɓa kawo ƙararsa gaban dattawan unguwa ba. In kana son ƙarin bincike, tambayi direbobin da ke lodi zuwa nan wane ne maigidansa, su za su faɗa maka abin da takarda ba ta faɗa ba. Ka gaida Hajiya, goron yana hanya.