Me ya sa ake ɗage tiyata idan mutum yana da korona?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an ɗage masa aikin ƙaba saboda gwaji ya nuna yana da korona, alhali ko tari ba ya yi, kina tambaya ko sakaci ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, ina bakin aiki lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020. A ganina likitansa ya yi daidai.

Huhu ake ji wa tsoro. Maganin barci da bututun da ake zura wa mutum a maƙogwaro suna wahalar da huhu ko na mai ƙoshin lafiya, balle wanda ƙwayar cuta ta riga ta taɓa. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2020 ya duba mutum 1,128 da aka gano suna da cutar dab da yi musu aiki ko bayansa: kusan rabinsu sun samu matsalar huhu, kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu cikin kwana 30. Daga baya masana suka ba da shawarar a jira mako bakwai in aikin ba na gaggawa ba ne, kodayake bayan zuwan rigakafi an sassauta.

Mu ma'aikata kuwa, a zamanin annobar, lokacin zura bututun nan ya fi ɗaga mana hankali, domin a nan ƙwayar ke fantsama cikin iska. Kowa sai ya fice, a bar likitan barci da mai taimaka masa. Gilashin fuska ya yi hazo, takunkumin N95 ya danne murya, sai kin ɗaga murya kafin a miƙo miki almakashi. Ga ƙarancin jini a wancan lokacin, don masu bayarwa sun ragu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne masu zaman gida don tsoron asibiti, har afendis ya fashe. Aikin gaggawa ba a taɓa dakatar da shi ba, ko haihuwa ta tiyata ce ko toshewar hanji.

Don haka ku sa wa Baba ido. In ƙabar ta yi tauri, ta ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ko amai, ko ya daina bayan gida da fitar da iska, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku kai shi sashen gaggawa nan take, ku faɗa musu sakamakon gwajinsa tun daga ƙofa.